Ranar Da Muciya Ta Kira Surukai

Mu talatin da biyu ne a ƙungiyar Muciya, duk mata masu sayar da abinci a tashoshin kabu-kabu, daga Zuru har Wasagu. Mazajenmu ma ba su san da ita ba. In kika ga muciya jingine a ƙofar wata, kanta a sama, to akwai taro. Mu ke faɗin wanda zai shugabanci kowace tasha, sai maza su je su yi zaɓe suna tsammanin ra'ayinsu ne. Saloma ce uwar ƙungiya, ni Leah ina binta.

A daminar 2006 Sylvester ya dawo daga Legas, kofur ɗin da aka sallama daga soja, ya tara samari masu babura ya sa musu suna 'Yan Damisa. Suka ƙwace tashar Danko, suka ƙwace ta Kanya. A Wasagu har tukunyar Margaret, 'yar ƙungiyarmu, suka kifar, suka kori matanmu suka zuba nasu. Na yi kuka ranar, kukan haushi. Zuru kaɗai ta rage mana, ita ma ya aiko cewa ranar Asabar da hantsi zai zo karɓarta da babura sittin.

Abin dariyar, wannan Sylvester ɗin 'yata Josephine yake nema. A wurinmu kuwa saurayi ba ya samun mata sai ya yi golmo, wato ya yi shekaru yana noma gonar surukansa, kuma in an kira shi ba ya cewa a'a. Shi gogan naka wai ya fi ƙarfin fartanya, sai dai ya turo gaisuwa.

A taro wasu suka ce a kira tsofaffin sojoji. Saloma ta ce, "Mi za a yi da sojoji? Yaran ga nashi, 'ya'yan wa suke nema?"

Muka shiga lissafa su ɗaya bayan ɗaya. Ashe kusan kowane Damisa yana golmo ne a gidan 'yar Muciya, ko gidan ƙanwarta, ko na maƙwabciyarta. Kowacce ta koma gida ta ce wa maigidanta ciyawa ta cinye dawa, lallai a kira surukai noma ranar Asabar. Nawa mijin, Haggai, har yana yaba mini hankali.

Asabar da hantsi muna gindin ɗorawar tasha muna tuƙa tuwo, sai ga Sylvester da baƙin tabarau. Babura biyu ne kacal a bayansa, su ma da suka ga ba kowa sai suka ce za su je shan mai. Ya tsaya yana waige-waige. Can gefen dutse kuwa ga Damisoshinsa sun duƙa a jere, riguna a rataye, suna noma har da waƙa.

"Kofur, ina rundunar?" in ji Saloma.

Na tashi na ɗauko fartanyar da na ɓoye a bayan murhu na miƙa masa.

"Mama, ni fa..."

"Baban Josephine ya kira surukai yau. Kowa ya tai, kai ɗai ka rage. In ba ka so, Kefas makaniki ya daɗe yana tambayar aurenta."

Ya dubi tashar, ya dubi fartanyar. Wallahi na ji daɗi har cikin raina da na ga ya cire tabarau ya sa a aljihu.

Kafin a yi girbi Danko da Kanya sun dawo hannunmu, Margaret ta koma Wasagu da sabuwar tukunya. Har yau Sylvester yana cewa rashin sa'a ne ya sa aka kira noma a ranar. Ni dai na kan ce masa, "Haka ne, ɗana," in ƙara masa miya.