Ƙafar Mas'ud a Ƙarƙashin Makara

Wa ake rama wa idan mai laifi ya manta laifinsa? Mas'ud tela bai sani ba, ga shi kuwa tsaye bakin ɗakin maƙwabcinsa Nuhu, Inna Turai riƙe da hannun rigarsa.

"Shiga ka ce ka yahe mai," in ji tsohuwar. "Ɗana tahiya zai yi."

Shekara ashirin ke nan da wasu baƙi suka zo neman samari masu gudu don ƙwallon Amurka, wadda ake runguma a ƙirji a kutsa cikin ƙarti. Duk garin Anka ba mai kamo Mas'ud a gudu. Ranar gwaji Nuhu ya sa masa ƙafa, idon sawunsa ya karye. Nuhu ya tafi jami'a can, ya yi shekara biyar yana wasan ƙwararru, yana karo da kai kamar rago. Ya dawo karon ya taɓa masa ƙwaƙwalwa, ko hanyar masallaci ba ya ganewa.

Mas'ud ya shiga yana ɗingishi. Nuhu na kwance kan tabarma, wuyan nan mai kauri ya zube. Ya daɗe yana kallon ƙafar Mas'ud.

"Mas'udu, wa yak karya ma ƙahwa? Hwaɗa man in rama ma."

Mas'ud ya ji kamar an sake karya ta. Maganar da ya shekara ashirin yana wasawa ta rasa inda za ta sauka.

"Inna, ban yahe ba," ya ce a zaure. "Ko makaratai ba ni taɓawa."

Nuhu ya cika ranar Alhamis da hantsi. Bayan salla aka ɗaga makara, mutane na karɓeɓeniya kamar yadda aka saba, kowa ya ɗan taka ya ba wani. Mas'ud na baya. Wajen tsamiyar kasuwa ya kutsa ya sa kafaɗa a gaba ta dama.

"Kawo in karɓe ka, ƙahwarka," in ji liman.

"Bari shi ji yadda ƙahwata ka tahiya, Malam."

Bai ba kowa ba har maƙabarta. Duk taku ɗaya makarar ta karkata, ta miƙe, ta sake karkata.