Ramin da Ke Ƙarƙashin Ruwa

Shekara ashirin da shida ni da mijina Ljubomir muna sayar da tattasai a kasuwar birnin Novi Sad, kuma da keke muke zuwa. Ni nake yin gaba in share teburi, shi kuma ya biyo ni da kaya a kekensa mai taya uku, tsakaninmu ba ya wuce minti goma. Kunnensa ya yi nauyi tun yana aiki a masaƙa, ga shi in ana ruwa sai ya cire na'urar jinsa ya sa a aljihu, wai kada ta jiƙe.

Wata Talata a ƙarshen Agusta aka kece da ruwa da safe. Kafin in kai babban titi layin kekuna ya zama rafi, ruwa ya rufe idon sawu. Ban damu ba, don na san layin ciki da bai. Murafun ƙarfe bakwai ne a kansa, na ramukan magudana, kuma na huɗun kullum sai ya ce ƙwaram in taya ta hau shi. Na iso wurin ina sauraron ƙarar. Ban ji ta ba.

Tayar gaba ce ta nutse. Sai gani na yi ina kwance cikin ruwa, na danne hannuna na hagu, ƙafar dama kuwa ba ta taka komai. Ashe ruwan da ya cika magudana ne ya tunkuɗe murfin gefe, yanzu kuma ya juyo yana kwarara ciki. Ya ja ƙafar har cinya, ya zare mini takalmi. Na damƙi bakin titi da hannun dama, na ja jiki da ƙyar na fito, ina jin ramin yana gurnani a bayana.

Desanka mai shagon jarida ta fito a guje da lema.

"Bosiljka! Wayyo, dubi hannunki, ya karye fa! Taso mu shiga ciki."

Na miƙe zan bi ta, sai na tuna da mijina, na ce mata:

"Ljubomir yana tafe."

"Kira shi a waya mana!"

"Wannan kurman? Ko ƙararrawar coci ba ya ji."

Muka laluba murfin a cikin ruwa, muka ja, ko motsi bai yi ba. Na gitta kekena a layin, ruwa ya kwantar da shi ya ja shi gefe. Desanka ta koma shago kiran motar asibiti. Ni kuwa na je na tsaya a gaban ramin, ƙafa ɗaya ba takalmi, ruwa yana turo ni baya kaɗan-kaɗan. Ban yarda na waiga ba, don na san bakinsa bai fi taku ɗaya daga diddigena ba.

Can na hango rigar ruwan Ljubomir mai ruwan ɗorawa. Ya sunkuyar da kai yana kare fuska, yana tuƙi da ƙarfi, buhu huɗu a bayansa.

"Ljubo! Ljubo, tsaya!"

Bai ɗago ba. Na yi ihu har muryata ta dushe, na ɗaga hannu ina kaɗawa. Har na fara jin ƙarar sarƙar kekensa, shi kuwa tayarsa kawai yake kallo. In na kauce ya faɗa, in na tsaya ya ingiza ni ciki. Na zare ɗaya takalmin na jefe shi, ya same shi a ƙirji.

Ya ɗago, ya danne birki. Birkin ya jiƙe, keken ya ci gaba da sulalowa. Na rufe ido. Tayar ta daki gwiwata, na kifa a kan sitiyari na ƙanƙame shi. Keken ya karkace ya tsaya, buhu ɗaya ya faɗo ya fashe.

"Ke tsohuwa, kin haukace ne? Da takalmi za ki jefe ni a tsakiyar titi?"

Na yi masa nuni da ramin. Jajayen tattasan suna yawo a kan ruwa, suka taru a wuri guda suna juyawa, suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Ya zuba musu ido har na ƙarshe ya nutse. Daga nan ya sauko a hankali, ya kama rigata ya ja ni zuwa bakin titi, ya zauna daɓas a ƙasa.

Desanka ta fito da teburin jaridunta ta kifa a kan ramin, ta hau ta zauna da lemarta tana korar masu keke har ma'aikatan agaji suka iso.

A motar asibiti Ljubomir bai saki rigata ba. Da za a ɗaure mini hannu sai da likita ta durƙusa ta yi masa magana a kunne da ƙarfi.

"Baba, saki mana. Ba inda za ta."