Zuciyar Mai Gyaran Agogo

Mai-agogo ya shiga ofishin likita da agogo uku ɗaure a hannu ɗaya, fuskarsa sai walƙiya take yi. Matarsa na biye da shi, jaka a hammata. A cikin jakar nan mabuɗin shagonsa yake tun ranar da ciwon zuciya ya kayar da shi, ta kuma rantse ba zai sake ganinsa ba sai likita ta faɗa da bakinta.

Ko zama bai gama yi ba ya fara.

"Likita, 'yata, na rage miki aiki. Na auna zuciyata da agogunan nan safe da yamma. Ba ta gaba, ba ta baya. Da agogo ce aka kawo mini, da na ce wa mai ita babu abin gyara."

Likitar sa'ar autarsa ce, tana cikin masu bincike kan zuciyar waɗanda suka tashi daga irin ciwonsa. Ita ta liƙa masa wata 'yar na'ura a ƙirji, mai kama da murfin kwalba, wadda ke adana kowane bugu. Ta cire ta a hankali, ta jona da kwamfuta.

"Baba, tattakin da na ce ka riƙa yi fa?"

Matar ta riga shi. "Wane tattaki? Daga kujera sai gado. Wai kada ya ɓata mata saiti."

Likita ta yi murmushi, ta juyo da fuskar kwamfutar gare su. Wani layi ne kwance, da ƙyar yake motsi.

"Baba, zuciya mai lafiya ba ta tafiyar agogo. Tsakanin bugu da bugu akwai ɗan bambancin da kunne ba ya kamawa. Ka ja numfashi ta ɗan ƙara sauri, ka sake shi ta ɗan lafa. Shi muke aunawa, don shi ke nuna tana sauraren jiki. Idan ta miƙe daidai wa daida kamar haka, ba ta gama murmurewa ba."

Murna ta koma ciki. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana hana agogon mutane saɓawa, yau ga yarinya tana gaya masa saɓawar ce lafiya. Ya ji kunya, ya ji haushin agogunan uku, ya janyo hannun riga ya rufe su.

Likita na ta jan layin gaba, sai ta tsaya cak. Ta matso da kujera har hancinta ya kusa taɓa gilashin.

"Tsaya, tsaya. Mene ne wannan?"

A wurin, layin ya tashi yana hawa yana sauka, a natse, kamar ana kaɗa igiya.

"Talata da yamma. Ga shi kuma ranar Alhamis. Baba, me kake yi a lokacin?"

"Barci," in ji shi, yana kallon silin.

"Ba barci ba ne. Na'urar ta nuna ka yi tafiya, sannan ka zauna."

Matar ta juyo gaba ɗayanta. "Talata na je duba yayata. Alhamis ina kasuwa. Malam, ina ka je?"

Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Mai-agogo ya sosa ƙeya.

"To wane mai shago ne yake da mabuɗi ɗaya? Wani direba ne ya bar agogonsa tun kafin in kwanta. Amana ce."

Matar ta buɗe baki za ta fara, amma likita ta riga ta miƙe, tana mayar masa da na'urar a ƙirji cike da ɗoki.

"Mama, don Allah a yi masa faɗan a gida. Baba, nuna mini yadda kake yi."

Ai abin nema ya samu. Ya kwance agogo ɗaya, ya zaro madubin ido da ɗan hantsaki daga aljihu, ya buɗe bayan agogon a kan teburinta. Kafaɗunsa suka sauka. Ya ja numfashi a hankali, ya sake shi a hankali ta gefen baki.

"Idan ka yi huci, 'yar ƙusar nan ta tafi ke nan, ba za ka ƙara ganinta ba," ya ce, bai ɗago ba.

A kan gilashin, layin ya fara hawa da sauka. Likita ta tafa hannu.

"Shi ne! Irin numfashin da nake fama da marasa lafiya su koya ke nan, kowa ya je gida ya manta. Ashe kai a shago ka baro naka."

Ta zauna, ta ɗan haɗiye murnarta.

"Yamma biyu ba hujja ba ce, Baba, kuma magani yana nan daram. Amma ina son in gani. Rabin yini a shago, da ƙafa za ka je, da na'urar a jikinka."

Matar ta ƙara rungume jakar. Ita ce ta tsince shi kwance a ƙasan shagon nan, agoguna na ta bugawa a kansa, kuma har yau tsoron bai sake ta ba. Ta daɗe tana kallon layin, sannan ta zuge jakar, ta ajiye mabuɗin kusa da hannunsa.

"Amma kafin ka taɓa na kowa, na bangon ɗakina ya tsaya tun bara waccan."

"Wannan ai batir ne kawai."

"To, shi ma a yi masa numfashin."