Ɗigo Uku Cikin Goma

Malami ya sake danna maɓalli, ɗigo ɗaya kore ya faɗa tsakanin rawaya biyu. Ya ja baya ya kanne ido. Yauwa! Layin da ya raba launukan ya ɓace.

Mako uku ke nan yana wannan wahala a ofishin kamfanin da aka ba zana taswirar ban-ruwa, nan Talatar Mafara. Kwamfutar tasu launi goma sha shida kacal ta sani, ko ka yanka ta ba za ta ƙara ba. Shi kuwa so yake a ga yadda ruwan dam ke raguwa sannu a hankali, daga bakin babbar magudana har wutsiyarta wajen Bakura. Sai ya dinga cakuɗa ɗigo da ɗigo kamar mai ɗinkin hula: inda ruwa ke zuwa kwana tara cikin goma, ɗigo tara kore, inda yake zuwa kwana uku, uku kore, bakwai rawaya. Inda ba ya zuwa sam ya sa ja.

Tun farko Injiniya Labaran, mai gidansa a wurin aiki, ya ce masa, "Kai dai ka cika son wahala. Launi biyu ya isa. Duk inda ruwa bai kai rabi ba ka sa ja, sauran kore, ka huta."

"Yallaɓai, ƙasa ba haka take ba. Ni na taka ta da ƙafata."

Gaskiya ya faɗa, amma har da girman kai. Mutumin da ya iya abu, ina zai yarda a ce ya yi na kowa?

Yau Talata, ranar kasuwa, kuma yau kwamiti zai zo ya duba taswirar ya zaɓi magudanan da za a yashe kafin noman rani. Tun da hantsi Gwaggo Nagode, wadda ta raine shi, ta iso daga ƙauyensu na kan hanyar Bakura ta zauna gindin bishiyar bedi a ƙofar ofis. Gonarsu ta gado tana ƙarƙashin ruwan dam tun shekarun baya. Eka ɗaya da aka ba ta a madadi ita ce duk abin da ta mallaka. Shekara uku alkamarta na ƙonewa a tsaye. Ta riga ta faɗa masa, in bana ma ba a yashe magudanarsu ba, sayar da gonar za ta yi.

Bayan azahar 'yan kwamitin suka shigo, su biyar, ana ta gyara musu kujeru can jikin bango kusa da fanka. Shugaban kwamitin, wani dattijo mai ƙaton tabarau, ya zauna ya miƙe ƙafa. Tsakaninsa da kwamfutar ya kai taku shida.

"Masha Allahu! Wannan ai kamar hoto. Wa ya yi?"

Aka nuna Malami. Daɗi ya kama shi har kunne.

"To, motocin yasa biyu gare mu," in ji shugaban. "Jan nan da ke can ƙarshe, a rubuta shi. Sauran ai kore ne, alhamdulillahi."

Malami ya koma inda suke zaune ya duba, abin da bai taɓa yi ba duk makonnin nan. Innalillahi! Daga nan babu ɗigo ko ɗaya. Rawaya da kore sun narke sun zama tsanwa mai haske, irin ta alkamar da ta fito jiya. Yankin su Gwaggo ya fi ko'ina kyan gani.

"Ranka ya daɗe, da za a ɗan matso kusa. Wurin nan kwana uku kawai..."

"Ɗana, idona ƙalau yake. Ko ba kore nake gani ba?"

Sauran huɗun suka ce kore ne. Injiniya ya watsa wa Malami harara, shi kuwa ya haɗiye sauran maganarsa. Magatakarda ya rubuta, shugaban ya sa hannu, har ya ce a yi wa yankin Maradun irin wannan.

Da suka fita, Injiniya ya tsaya a bakin ƙofa. "Uku cikin goma ka ce? Da ka bi tawa, ai ja ne." Bai faɗa da mugunta ba, kuma wannan ya fi yi wa Malami ciwo. Ji ya yi kamar ya ɗora hannu a ka ya yi ta ihu.

Gwaggo ta miƙe da ganinsa tana kakkaɓe zane.

"Mi suka ce, ɗan nan? Sun ga aikin naka?"

"Sun gani, Gwaggo. Sun yaba."

"Awo! Na san ba ka ba ni kunya. Mu tai in sai iri tun kasuwa ba ta watse ba."

Ya bi ta a baya har rumfar masu alkama. Ta damƙi iri ta murza, ta sa ƙwaya a baki ta tauna. Mai rumfar ya ɗauko tiya yana tambayar nawa za a auna. Ta fara kwance bakin zanenta.

Malami ya riƙe hannunta. "Gwaggo, bari."

Ta ɗago ta dube shi, ta daɗe tana dubansa. Sannan ta mayar da ƙullin, ta ja shi da haƙori ya ɗaure tam.

"Je ka gano mini ko motar Bakura ta cika."