Ɓarnar Baba Waya

Kaina yana ƙarƙashin tebur, ƙura ta cika mini hanci, shi kuwa Baba Waya yana kan kujerarsa, ya ɗora haɓa a kan sanda yana kallona.

"Baba, don Allah ka nuna mini wayar da ta fita. Ɗinkin mutane na jirana."

"Ina zan gani, 'yata? Idon tsoho."

"Idon da ya hango karkatacciyar kalmasa a hannun rigata jiya?"

Ya ce, "Fara daga bango. Soket, sannan waya, sannan na'ura. Kada ki yi tsalle."

Katanga ɗaya ce tsakanin shagona da gidansa. A kamfanin tarho ya yi aiki har ya yi ritaya, shi ya sa sunan ya bi shi. Ɗakin ƙofar gidansa ya ba ƙungiyarmu ta masu ba da jini kyauta. Dukiyarmu duka tsohuwar kwamfuta ce da wani ya ba mu sadaka, da na'urar intanet, da batirin ko-ta-kwana. Idan asibiti suka bugo suna neman jini, kwamfutar ce ke zaɓo masu irin jinin, ta tura musu saƙo gaba ɗaya. Shekara da shekaru Baba kaɗai ke taɓa ta. Ni da Direba, abokin aikina, namu amsa waya da jigilar mutane.

Sai likita ya ce zuciyar Baba ta gaji, a lallaɓa ta kawai. Tun daga makon kwamfutar ta shiga taɓara. Yau allo ya ƙi kawowa, gobe intanet ta ɗauke, jibi batiri ya kama kuka. Baba kuma ya ce hannunsa rawa yake, ba zai iya gyara ba. Hannun da ke kai kofin shayi cike taf har baki, ko ɗigo bai zuba ba!

Direba ne ya kama shi. Ya zaro wata waya daga bayan tebur, an naɗe ta tsaf, har da ɗauri.

"Baba, ka ce ɓera ne. Yaushe ɓera ya koyi naɗi?"

Ko kunya bai ji ba. Ya yi dariya har sanda ta faɗi, sannan ya ce, "Gara ku ji haushina ina raye. Abin da ba na so shi ne ku tsaya gaban baƙin allo kuna kukana, 'yar wani tana can jini na ƙare mata."

Na ji haushin kuwa, don ni ba na ɓoye nawa. Amma daga ranar abin ya zama wasa. Shi ya ɓata, mu mu gyara, ya zauna yana ba mu maki kamar malamin makaranta. Ni bai taɓa ba ni fiye da rabi ba, wai bakina ya fi hannuna sauri. Da ciwo ya kwantar da shi na ɗauka mun huta. Ina! Ɓarna ta ci gaba. Muka tsare matarsa, Inna, ta riƙe haɓa ta ce, "Ni? Ni da ko rediyo sai an kunna mini?" Alhali ga ƙurar bayan tebur a gwiwar zanenta.

Wata safiya ina yanka yadi, nas ta bugo daga asibiti. Mai haihuwa ce jini ya ɓalle mata, kuma irin jininta mai wuyar samu ne. Na jefar da almakashi na ruga. Kwamfuta ta tashi, sunaye suka fito, na danna. Saƙo ya ƙi tafiya.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Tsohon nan bai san ranar wasa ba!" Har na nufi ƙofar cikin gida, sai na tuna ko na je amsar ɗaya ce. Na durƙusa na fara daga bango. Soket da wuta. Waya a jone. Na'urar intanet ce ko ƙyaftawa ba ta yi. Direba ya shinshina cajarta ya ce, "Ta ƙone. Dubi mugunta, har matacciyar caja ya sa aka nemo mana."

Ba mu da wata. Na haɗa kwamfutar da intanet ɗin wayata, yadda muka koya ranar da aka ɓoye mana na'urar a kwandon wankin Inna. Na sake dannawa. Saƙo ya fita. Kafin in miƙe waya ta fara ruri: ga wani makaniki ya ce yana tafe, ga wata malama ta ce a zo a ɗauke ta. Direba ya fice ko takalmi bai gama sakawa ba.

Rana na tsaka nas ta sake bugowa. Uwa ta farfaɗo, jaririya na ta tsala kuka.

Muka shiga wurin Baba da faɗanmu. Yana jingine da matashi, ya rame har agogonsa na yawo a hannu.

"Baba, yau ka wuce gona da iri. Da ran mutum fa ka yi wasa. Amma mun kama ka, cajar ce."

Ya dubi Inna. Inna ta ce, "Wallahi yau ko ɗakin ban leƙa ba."

Ya kalle mu ɗaya bayan ɗaya. Sai fuskarsa ta washe.

"Ba ni ba ne," in ji shi. "Wannan ta gaske ce. Kuma ba wanda ya zo ya tashe ni?"

"Ba wanda ya zo."

Ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi, Inna na shafa masa baya tana cewa ya isa. Da ya samu numfashi ya ce, "Tela, yau kin ci duka makin. A kawo mini shayi, a cika kofin."

Ya shanye, ya sa aka sake ba shi labarin daga farko, ya tambayi nauyin jaririyar. Da yamma ya ce zai ɗan runtsa. Bai farka ba. Na yi kuka sosai, amma ko a cikin kukan, da na tuna fuskarsa sai in ji dariya na neman ƙwace mini.

Bayan 'yan makonni na buɗe ɗakin ƙungiya da safe, na danna kwamfuta, shiru. Na leƙa bayan tebur. Ga waya an zare, an naɗe ta, sai dai naɗin bai kai nasa kyau ba. Ta ƙofar cikin gida ina jin Inna na shara, tsintsiyar na tafiya a hankali, tana tsayawa.

Na tattare zanena, na durƙusa, na kai hannu bango.