Ƙaurin Kara a Hanyar Yamai

"Tsaya, Yazidu. Na ce ka tsaya."

Yazid bai ɗaga ƙafa daga totur ba. Tun fitowarsu Filinge yake jin ƙaurin yana shigowa ta ƙarƙashin kujera, amma ya ci gaba da tuƙi. A baya Malam Sahabi na kwance, kansa bisa cinyar matarsa Inna Habsa, numfashinsa na fita da ƙyar. Likita ya ba su takarda, ya ce a kai shi Yamai kafin azahar, motar asibiti kuwa ta fita da wani majinyaci tun da safe. Shi ya sa Yazid, maƙwabcinsu da katanga ɗaya ta raba, ya fito da tsohuwar motarsa.

"Baba, lokaci na tahiya. Ko Damana ba mu kai ba."

"Lokaci na Allah na. Ni na ga nawa. Kai da Habsa hwa, in motarga ta kama?"

Yazid ya gangara gefen kwalta ya kashe injin. Ba a yi wa Malam Sahabi gardama a kan mota. Shekara arba'in ya yi da gareji a bayan kasuwar Filinge, kuma ko da idanunsa suka mutu, direbobi ba su daina kawo motoci ƙofar gidansa ba don ya saurara, ya shinshina.

"Buɗe kapo," in ji tsohon. "Mi ka gani?"

Yazid ya ɗaga murfin injin ya duba. "Ba hayaƙi, Baba. Fambel na nan lahiya. Mai bai zuba ba."

"Na sani. Da mai na, da na ji kamar an bar kasko bisa wuta. Da waya ta, da ka ji takalmin roba ya ƙone. Taɓa ƙahwahun duka huɗu."

Yazid ya zagaya yana ɗora tafin hannu a kan kowace ƙafar motar. Babu wadda ta fi wata zafi.

"To ba birki ba na." Malam Sahabi ya yi tari mai tsawo. Inna Habsa ta ɗaga kansa ta ba shi ruwa, ya ture kofin a hankali. "Buɗe min ƙohwa, Habsa."

Ta buɗe. Ya juya fuskarsa wajen iska, ya ja numfashi gajere sau biyu, iyakar abin da ƙirjinsa ya yarda. Sai ya yi ɗan murmushi.

"Wanga ai ƙaurin murhunki na."

"Kai Malam," ta ce, idonta ya cika, "kana kwance ma ba ka ƙyale murhuna ba?"

"Yazidu, jiya ina ka shiga da ita?"

Yazid ya tuna. Jiya da yamma ya je gona kwaso dammunan gero. Maimakon ya tsaya bakin hanya a ɗauko a kai, sai ya ratsa ta cikin karan da aka kwantar bayan girbi, har gindin tarin.

"Gona, Baba."

"Kai ma? Shekara nawa ina hwaɗa muku, mota ba jaki ba ta. Shiga ƙarƙashi."

Yazid ya kwanta rigingine ya ja jiki cikin yashi. Can ya gan su: busasshen kara da ganye sun cushe tsakanin bututun hayaƙi da cikin motar, sun yi baƙi ƙirin, wani sanda na ci da jan garwashi. Tsakaninsa da robar da ke ɗauko mai daga tanki bai wuce taƙi ɗaya ba. Ya watsa yashi da hannu biyu, ya fara zaro karan ɗaya bayan ɗaya. Ƙarfen ya ƙona masa yatsa, bai ma kula ba.

"Baba, ka yi gaskiya! Saura kaɗan ta kai mai!"

"Duba ɗayan gehen," muryar ta sauko masa ta ƙofa, siririya. "Kada ka bar ko ɗaya."

Ya koma ɗayan gefen. Can ma akwai. Ya yi ta cirowa har wurin ya fita tas, ya sake bi da hannu don ya tabbata. Yana cikin haka ya ji Inna Habsa tana kalmar shahada, a hankali, tana maimaitawa kamar mai koya wa wani. Daga baya ya ji ta yi shiru.

Ya fito da baƙin toka har gwiwar hannu. Ta riga ta shafe wa Malam ido, tana warware mayafinta.

"Inna…"

"Ya ji ka," ta ce. "Ya ce kada ka tashi motarga sai ƙarhen ya huce."

Yazid ya durƙusa a bakin ƙofar. "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da ban shiga gonan nan ba, Inna, da yanzu mun yi nisa."

"Kada ka soma, ɗana. Taya ni mu miƙe mishi ƙahwahu."

Suka miƙe su tare, suka lulluɓe shi. Sannan suka zauna suna jira, ita a ciki, shi a kan yashi, har ƙarfen ya daina ƙas-ƙas ɗin hucewa. Sai da ya taɓa ya ji sanyi ya tashi motar, ya juya kanta wajen Filinge.

Ba su yi nisa ba suka tarar da amalanken shanu a gabansu, ya cika hanya, mai shi na gyangyaɗi a sama. Yazid bai danna oda ba. Ya rage gudu ya bi bayansa a hankali, ƙafafun shanun na sauka bisa kwalta ɗaya bayan ɗaya.