Motar da Ba Ta Tashin Akuya

Tun da aka dawo da Malam Hashimu daga asibiti da ƙarafuna a ƙafarsa ta dama, bai sake ƙetare zauren gidansa na Limawa ba. Da sanda yana iya kaiwa har bakin rijiya, don haka ba ƙafar ce ta tsare shi ba. Ƙarar inji ce. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a bayan sitiyari, yana jigilar fasinja tsakanin Dutse da Jahun da Miga, yanzu ko babur ne ya gifta ta lungu sai jikinsa ya ɗauki rawa, gumi ya karyo masa, ya toshe kunnuwa da hannu biyu. An ce ranar hatsarin bas ɗinsa ta kife a gefen hanya injin bai mutu ba, yana ta ruri a kansa har aka zaro shi. Shi dai bai taɓa ba kowa labarin ba.

'Yarsa Juwairiyya ce ta ɗauki jinyar. Ta karanci aikin lantarki, sana'arta ɗora faifan sola a kan rufin gidajen mutane, abin da har yau wasu matan unguwa ke taɓe baki a kai. Ita ta fitar da janareton gidan ta sa sola. Ita ke wanke ciwon safe da yamma, ta tafi aiki, ta dawo da ƙurar kwano a mayafi ta sake durƙusawa gaban ƙafar. Ba ta taɓa cewa ta gaji ba, kuma duk wanda ya zo yi mata sannu da fuskar tausayi, amsarta gajeriya ce.

Da zafin bazara ya kankama sai ciwon ya fara ruwa, ya fara wari. Ma'aikacin jinyar da ke leƙowa gida ya ja ta gefe ya ce abin ya wuce wanki. Dole a ɗauki hoton ƙashin a asibiti, a cire ƙarafunan, in ba haka ba ƙafar za a cire.

An gwada sau ɗaya. Baffa Jaji, ƙanen Malam Hashimu, ya kira mai keke napep har ƙofar gida. Ko zaure ba a kai ba Malam ya ƙwace daga hannunsu ya faɗi a kan ciwon.

"To sai a riƙe shi," in ji Baffa Jaji bayan an kwantar da shi. "Mu samu ƙarti mu ɗauka mu saka a mota. Ya yi ihunsa, ba mutuwa zai yi ba."

"Ba za a ɗauki Baba kamar buhun gero ba, Baffa."

"Ke kuma fa? Da ke aka yi shawara?"

"Ni ke wanke ƙafar," ta ce, ta ɗauki kwanon ruwan ta fice.

Tana da wata tsohuwar mota 'yar Kwatano da take ɗaukar kayan aiki, irin mai tafiya da fetur da batir. Motar na tashi shiru, amma da an kunna ta ba a jimawa injin ke kamawa don kansa. Juwairiyya ta daɗe da sanin cewa irin wannan mota a wasu ƙasashe ana sayar da ita da maɓallin da ke hana injin tashi, ta yi tafiya da batir zalla. Tata ba ta zo da shi ba, sai wani murfin roba a gurbinsa kusa da sitiyari. Amma kwamfutar motar ta san umarnin, waya ɗaya ce kawai ba a ja mata ba. Ta aika Kano aka kawo mata maɓallin da 'yar wayarsa.

Ta kai motar garejin Ɗan'inna, mai gyaran wutar mota, tsohon abokin mahaifinta, don shi ne ke da inuwar darbejiya da tabarmar kwanciya a ƙasa.

"Injiniya!" ya tare ta. "Yau kuma rufin wa za a hau?"

"Inuwarka na zo aro, Kawu."

Da ta yi masa bayani sai ya ja da baya yana kaɗa hannu. "Wannan motar aljanun? Ni ba na taɓa ta. Wayoyin nan masu ruwan goro in suka kama mutum ko salati ba ya samu."

"Ba inda za ni kusa da su."

"Mota a ce ta yi tafiya ba ƙara. Ko jaki yana haniniya, 'yar nan."

"Doki ke haniniya, Kawu."

"Kin ga ni? Har dabbobin ma kin fi ni sani."

Ta cire kan ƙaramin batir tukuna. Ta kwance aljihun gaban motar, ta kishingiɗa a ƙasan kujera, kanta a ciki ƙafafunta a waje, ta lalubo soket ɗin da ke shiga kwamfutar. Ramuka ne reras kamar saƙar zuma, kowanne da wayarsa, sai 'yan kaɗan da ke fanko. Ta ƙirga ta sake ƙirgawa da tsinken tsintsiya kafin ta cusa bakin wayar, don in ta kuskure rami ɗaya kwamfutar za ta iya ƙonewa, ta rasa motar da dabarar gaba ɗaya. Ɗaya bakin wayar ta ɗaure a jikin ƙarfen motar. Ta ɓalle murfin robar ta zaunar da maɓallin a gurbinsa. Gumi na shiga mata ido, masu wucewa na tsayawa kallon ƙafafun mace a ƙofar mota. Ba ta ɗago ba.

Ta mayar da kan batir, ta kunna, ta danna maɓallin. Motar ta yi 'yar ƙara ta ƙi, injin ya tashi abinsa.

"Aljanun sun ce a'a," in ji Ɗan'inna.

Ta sake kwancewa, ta bi wayar daga farko har ƙarshe. Babu kuskure. Ta zauna a bakin kujera, ga idon mutane a kanta. Can ta kai hannu bayan kujerar baya inda babban batir yake, ta ji wurin kamar murhu. Motar ta daɗe a rana kafin ta zo, kuma kwamfutar ba ta yarda a ɗora wa batir mai zafi nauyi. Ta buɗe ƙofofin duka ta zauna jira. Ɗan'inna ya miƙo mata ruwan randa.

Bayan la'asar ta sake dannawa. Wata 'yar fitila ta kama a gaban sitiyari. Motar ta zame daga ƙarƙashin bishiyar, ba abin da ake ji sai tayoyi na taka yashi.

Ta gwada ta a hanyar bayan gari, a nan ta ga iyakar abin. In ta taka da ƙarfi injin ya tashi. In ta bi a hankali batir ɗin ya kai ta ɗan nisa, sannan ya ja baya, injin ya tashi ko ta so ko ba ta so ba. Ta auna da hanyar asibiti. Zai fitar da su daga Limawa, ya kai su wajen shataletale. Ragowar tafiyar sai da inji.

"Kada ki gaya masa," in ji Baffa Jaji. "In ya riga ya shiga ai shi ke nan. Ki kulle ƙofa ki taka."

Ta yi tunanin hakan, ba ta ƙi yi ba. Amma da yamma tana naɗe ƙafar da bandeji sai ta ce, "Baba, na sa wa motata abin da zai hana injin tashi. Zai kai mu shataletale shiru. Daga nan zai tashi, ba yadda zan yi da shi. Ba zan ɓoye maka ba."

Ya juya fuska ya kalli bango.

"Motar ba ta son zafi, za mu fita da sassafe kafin gari ya cika, gilasai a rufe," ta ci gaba. "In ka ji ba za ka iya ba, ka buga ƙofa sau ɗaya, in tsaya in kashe. Ko a tsakiyar titi ne."

Bugun nan yarensa ne. Kafin ya zama direba ya yi shekaru yana karen mota, yana maƙale a bayan babbar mota yana dukan jikinta: ɗaya a tsaya, biyu a tafi. Tun tana ƙarama haka yake buga mata ƙofar ɗaki in za a fita.

"Allah ya kai mu," ya ce kawai.

Ta kwana da motar a ƙarƙashin bishiyar ƙofar gida, batir cike, don ya yi sanyi. Bayan sallar asuba, gari ya fara haske, Malam Hashimu ya fito da sandarsa. A bakin zaure ya tsaya yana kallon motar, leɓɓansa na motsi. Baffa Jaji ya miƙa hannu zai kama shi, Juwairiyya ta girgiza masa kai. Da kansa ya ƙarasa, ya zauna a gaba, ta ɗaga masa ƙafar ta shigar. Baffa ya shiga baya.

Ta kunna, ta danna maɓallin da sauri. Fitilar ta kama. Shiru. Ta sa giya, ta fara ɗaga ƙafa daga birki.

"Tsaya."

Muryar mahaifinta ce. Ko ina ba su je ba.

"Akuyar maƙwabciyarmu Fanna a ƙarƙashin mota take kwana," ya ce, muryarsa a dishe. "Inji ke tashinta. Taki ba ta yi mata sallama ba."

Kafin ta buɗe ƙofa sai ta ga yana sauke gilashin da ta rufe dominsa. Ya zura hannu waje ya daki jikin ƙofar da tafinsa, bam bam. Akuya ta fito a guje da 'ya'yanta biyu, ta tsaya can tana harararsu.

Baffa Jaji ya fashe da dariya. "Da yau mun ci naman dole."

Hannun bai koma ciki ba. Lungun cike yake da waɗanda ba su san mota na bayansu ba: kaji, mai ƙosai tana jera itace, dattawa na dawowa daga masallaci a tsakiyar hanya suna hira. Malam Hashimu na dukan ƙofa yana cewa, "Hanya! Hanya, bayin Allah!" Suna juyowa sai su yi turus.

"Malam Hashimu! Kai ne?"

"Ni ne. Matsa, Alhaji, ba ta da murya."

Juwairiyya na tuƙi a hankali, ido ɗaya a hanya ɗaya a kan alamar batir da ke raguwa. Suka hau kwalta. Wani babur ya wuce su, kafaɗun Malam suka ɗaga, hannunsa ya ƙanƙame ƙofar, amma bai ja gilashin ba.

Da shataletale ya bayyana ta ce, "Baba, yanzu ne."

Ya rufe ido. Motar ta ɗan girgiza, injin ya kama.

Ba ƙara ce mai yawa ba, amma ta ga yadda ta shige shi. Ƙafarsa mai lafiya ta hau rawa, gumi ya jiƙa wuyan rigarsa, numfashinsa na fita guntu-guntu. Baffa Jaji ya matso daga baya ya raɗa mata, "Taka, taka kawai." Ita kuwa ta rage gudu ta koma gefen titi, tana tafiya kamar mai bin jana'iza, kunnenta na kan ƙofar. In ya buga ɗaya za ta tsaya, ta san haka, ko da ƙafar ce za ta tafi a kai. Tafin hannunsa na kwance a jikin ƙarfen.

Hannun ya ɗaga. Ya sauka sau ɗaya.

Ta kai ƙafa kan birki.

Na biyun ya biyo baya, a raunane.

Ba ta dube shi ba, don ta san ba zai so ba. Ta koma kan hanya ta taka.

A ƙofar asibiti aka kawo keken marasa lafiya. Tafin hannunsa ya yi ja, rigarsa sharkaf, sai da mutum biyu suka taimaka ya sauko. Ana shirin tura shi ciki ya ɗaga hannu aka dakata.

"Juwairiyya."

"Na'am, Baba."

"Kai motar inuwa. Kin ce ba ta son zafi, kuma da ita za mu koma."

Ta tsaya har keken ya shige, sannan ta zagaya neman bishiya.